Wa Ke Cin Tuwon Kawu?

Ga kacici-kacici, amma ba irin na dandali ba. Kwano yana shiga ɗaki cike da tuwo, ya fito an suɗe shi tas. Safe, rana da dare, har wata uku. Mutum ɗaya ne a ɗakin, ƙofa kuma a rufe. Duk da haka mai ɗakin kullum ƙara zuƙewa yake yi, har zoben azurfarsa ya soma sulɓewa daga yatsa in yana alwala. To ina tuwon yake zuwa? Kada ka yi gaggawar ba ni gari. Ni ma da na sauka Ibadan ina cika baki cewa kwana biyu sun ishe ni in warware shi, sai da na share mako uku ina kama waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Mai ɗakin kawuna ne, yayan mahaifiyata, dattijo mai kusan shekara 70, haifaffen Sabo. Tun 1916 da aka ware wa Hausawa wannan unguwa a gefen Mokola, goro da shanu ne suka raya ta. Yau in ka ce Sabo, Bayarabe zai tuna tsire da canjin dala, amma Kawu bai taɓa barin sana'ar kakansa ba. Mutumin da ya yi shekara 50 yana kwance huhun goro yana tsince ruɓaɓɓe, sai ga ruɓa ta ɓulla a nasa huhun. Tari ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ɗauki hoto, aka yanki tsoka aka auna, aka ce daji ne.

Likitarsa, wata Bayarabiya mai sanyin murya, ta ce irin nasa ya dace da maganin zuga garkuwar jiki, wanda suke kira imunoterafi. Kawu yana jin Yarabanci kamar ɗan cikin gari, amma wannan bayanin ya fi ƙarfinsa, don haka ni ɗan bokon dangi na mayar masa da shi harshen hanya. Na ce, Kawu, jiki yana da 'yan sintiri da ake kira ƙwayoyin T, aikinsu su tare kowace ƙwayar halitta su duba ta. Daji kuwa gogaggen ɗan fasa-ƙwauri ne, in ya iso shinge sai ya miƙa na goro a ɗaga masa sanda. Hannun da ɗan sintiri ke karɓar na goron da shi, sunansa PD-1. Wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, shi ya gano shi a 1992, kuma shi da James Allison na Amurka suka raba kyautar Nobel a 2018 kan wannan fanni. Maganin da za a sa maka, pembrolizumab, ba ya taɓa dajin da kansa, hannun nan yake ɗaurewa. Kawu, wanda ya san kowane shinge tsakanin Ibadan da Kano, ya yi murmushi ya ce, "Ashe an gama da shi."

Ƙarin ruwa ne na rabin awa, duk mako uku, kowanne kuma miliyoyin naira yake ci. 'Ya'ya suka sayar da fili, surukai suka kawo abin da ya sawwaƙa. Muna ƙarfafa wa juna guiwa da labarin Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da ya yaƙi kurkunu a ƙauyukanmu: a 2015, yana da shekara 90, dajin fata ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, aka haɗa masa wannan magani da tiyata da gashi, bai rasu ba sai ƙarshen 2024 yana da shekara 100. Kawu ma bayan zagaye biyu tari ya lafa, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Na koma Zariya hankali kwance. Bayan wata uku aka kira ni a waya. Aka ce in zo.

Wanda aka fara tuhuma kowa ya san shi, ko da yake ba mai son ambatar sunansa a tsakar gida. Dajin ne. Ya saba irin wannan ta'asa: yakan sa jiki ya cika da wasu sinadarai masu narkar da tsoka da kitse, mutum ya yi ta ƙanjamewa ko ana ɗura masa abinci. Likitoci suna da ma'auni. In mai daji ya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida, an shiga gonar haɗari. Kawu ya sauko daga kilo 67 zuwa 60 a wata uku, wato ya ninka ma'aunin a rabin lokacin. Aka sake hoton ƙirji. Kwana huɗu muna jiran sakamako, Hajiya matarsa ba ta runtsa ba. Ranar da likita ta jera sabon hoto kusa da tsoho a kwamfuta, sai ta yi shiru. Ta gyara tabarau. Ta matso da kujera. Ƙullutun ya ragu, raguwar da ni ma da ban karanta likitanci ba na gani.

Ta juya wajen Hajiya. "Mama, yana cin abinci kuwa?"

"Wallahi likita, ko wahalar wanke kwanon ba na sha."

Likita ta ce ramar daji yawanci da ƙin abinci take zuwa, kuma ba kasafai take tsananta a lokacin da ciwon ke ja da baya ba. Muka fito ba mu san ko murna za mu yi ko tagumi ba. Ɓarawon da muka sani yana ɗaure, ga shi kuma ana ci gaba da sata.

Kafin mu isa gida mata sun yanke hukunci. Abin da ke cin mutum yana zaune, ba rauni ba tabo, ai Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna. Wata ta tuna baƙuwar da ta zo dubiya ta ƙura wa Kawu ido. Wata ta tuna baƙar mage a kan katanga. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka karɓo rubutu. Ban hana ba, addu'a ba ta ɓata magani. Sai dai na lura da wani abu. Rubutun safe, in an kawo shi tsura, Kawu kan shanye nan take. Ranar da Hajiya ta ɗiga masa zuma a ciki don ƙarin albarka, sai ya shinshina, ya ture kofin, ya ce a ajiye sai bayan isha. Na rubuta wannan a bayan wata takardar asibiti ban san abin da zan yi da shi ba. Mako ya zagayo, aka hau sikeli. Maye dai bai ji hayaƙi ba. Wani rabin kilon ya tafi.

Majalisar bakin titi, inda 'yan canji ke zama suna ɗaga wa motoci hannu, nata ra'ayin daban ne. Wai maganin Turawa ne, bai san jinin baƙar fata ba. Wannan kam ko ba littafi na iya amsa shi. Daga Sabo in ka ratsa Mokola ka hau titin Queen Elizabeth, ga asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, inda ake rajistar masu ciwon daji tun 1960. A nan ne a 1963 wani masani Bature mai suna Pulvertaft ya raya ƙwayoyin dajin Burkitt da aka samo daga jikin wani yaro ɗan shekara 11. Ƙwayoyin nan, da ake kira Raji, har gobe suna hayayyafa a ɗakunan binciken duniya, kuma a kansu ake gwada wasu magungunan garkuwar jiki na dajin jini. Na ce musu jinin ɗan Najeriya ya riga mu duka shiga wannan harka.

Amma ta wata fuskar tuhumarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ɗan sintirin da aka hana karɓar na goro, wani lokaci zafin aiki kan ɗebe shi ya hau dukan mutanen gari. Yakan far wa hanji, mutum ya yi ta zawo. Yakan far wa halittar tayirod da ke maƙogwaro, jiki ya riƙa ƙone abinci kamar wutar kara. Yakan rushe ƙwayoyin da ke samar da insulin, ciwon sukari ya sauko rana tsaka. Yakan taɓa halittun da ke kula da sinadarin kotisol, ɗaya a gindin ƙwaƙwalwa, biyu a saman ƙoda, mutum ya zama lagwani. Kowanne daga cikinsu yana iya ramar da ƙato. Na ce to, biri ya yi kama da mutum. Aka ɗebi jini kwalba huɗu. Tayirod lafiya. Sukari lafiya. Kotisol lafiya. Zawo babu. Har tsutsar ciki aka nema, don kada a ce an bar wani a baya. Ita ma babu.

A hanyar dawowa, muna matse cikin 'yar Micra irin ta Ibadan, na ce, "Hajiya, anya Kawu ba azumi yake yi a ɓoye ba? Na Litinin da Alhamis, ko na Annabi Dawuda?"

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. "Kai ɗan nan! Azumi da shan ruwa? Mutumin da ke kwankwaɗar ruwa da rana tsaka a gaban kowa? Kuma bayan tuwon dare, har ƙwai biyu da zogale yake sa in dafa masa."

Gaskiyarta, da idona na gani. Na wanke azumi daga zargi. Na duba takardata. Ba sauran wanda zan tuhuma.

Ranar Laraba, a sallar la'asar, Kawu ya ɗago daga sujada zai miƙe. Bai kai ga tsayuwa ba. Ya tafi luu, sahu ya tare shi. Aka yayyafa masa ruwa. Ya buɗe ido. Wani ya rugo da lemon kwalba. Ya kau da kai.

"Ƙarfe nawa?" in ji shi.

Mutum ya farfaɗo daga suma, bai tambayi inda yake ba. Agogo yake tambaya.

Washegari na karɓi aikin fito da kwano. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, da ganda da ƙashin rago. Na ɗaga murfi. Tas. Ganda babu. Ƙashi kuwa an fasa shi, an zuƙe ɓargo, an tattaune bakinsa. Na tsaya cak. Kawu ba shi da haƙorin tauna ko ɗaya. Goronsa ma sai an goga masa a magogi. Na koma ɗaki kamar na yi mantuwa, na dubi bakinsa. Leɓe fari fat. Ɗan goro, ƙarfe biyu na rana, ba jan goro a baki?

Zuma. Lemo. Agogo. Goro. Ƙashi.

Kashegari da azahar na zagaya lungun bayan gida, na laɓe a gindin tankin ruwa. Ga tagar Kawu, mai ƙyauren katako. Minti biyar. Minti goma. Ƙyaure ya motsa. Hannu ya fito, siriri, da zoben azurfa. Yana riƙe da kwano. Daga ƙasa, hannaye shida suka tashi.

Almajirai uku ne na makarantar allon da ke bayan gida, kumatunsu har sheƙi suke. Suka cinye a tsaye, suka suɗe, ƙaraminsu ya tattara ƙashi ya mayar cikin kwanon da ladabi. Daga baya ya gaya mini umarnin Baba ne, wai kwanon da ba ƙashi yana jawo tambaya. Na yi sallama na shiga kafin a rufe taga.

"Barka da rana, Kawu."

"Barka kadai. Ka daɗe a waje?"

"Tun fitowar kwano."

Ya daɗe yana juya zobensa. "Turo ƙofar nan. Kada Hajiya ta ji."

"Kawu, me ya yi zafi?"

"Kashe shi nake yi da yunwa."

Ya zaro waya daga ƙarƙashin matashi ya kunna mini wani saƙon murya na minti 11, wanda wani abokin cinikinsa ya turo masa. Muryar namiji ce, Hausa tsantsa, a natse, ba suna ba asibiti. Tana cewa daji sukari yake ci, wani Bajamushe ya tabbatar har aka ba shi Nobel. In ka ƙi ci na awa 16 kullum, jiki zai cinye dajin da kansa, wani ɗan Japan ya tabbatar, shi ma an ba shi Nobel. Ruwa ba ya karya wannan azumin, abin da ke karya shi duk wani abu mai zaƙi ko mai gari. Ga inda azumi ya ɓuya mana ke nan. Mu a wurinmu mai shan ruwa ba mai azumi ba ne, shi kuwa wannan baƙon azumi da kofi a hannu yake yawo. Kawu kuma, da yake ɗan kasuwa ne, ya ga in awa 16 na da riba, 20 ta fi. Daga nan ya zarce ci ɗaya a yini. Ƙwai biyun nan da zogalen bayan isha, da muke ɗauka ƙari ne, su ne abincinsa duka.

"To me ya sa ka ɓoye?"

"Kun sayar da fili," in ji shi. "Yaran nan sun zuba duk abin da suka tara. Ni ina kwance ana ɗura mini guminku a jijiya. Na ce bari ni ma in sa nawa jarin. Na duba, ba ni da komai sai cikina."

Duk faɗan da na shigo da shi sai ya maƙale a wuya.

Daren nan na saurari saƙon sau uku ina neman ƙarya in kama. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙaryar ba ta da yawa. Gaskiya ce aka raba biyu aka jefar da rabi. Bajamushen nan Otto Warburg ne, kuma tabbas a shekarun 1920 ya nuna ƙwayoyin daji suna zuƙar sukari fiye da kima, har yau da wannan kwaɗayin nasu ake kama su a hoton PET. Sai dai Nobel ɗinsa ta 1931 a kan wani aiki ne na yadda ƙwayar halitta ke numfashi. Ɗan Japan kuwa Yoshinori Ohsumi ne, na 2016, wanda ya gano yadda ƙwayar halitta ke cinye tarkacen cikinta in yunwa ta matsa. A kan yisti ya yi aikinsa, kuma ƙwayoyin daji ma sun iya wannan dabara, da ita sukan tsallake lokacin fari.

Akwai ma abin da mai muryar bai ambata ba, wanda da ya ƙara masa ƙarfi. A 2008 Valter Longo da abokan aikinsa a Kalifoniya sun nuna ɓerayen da aka hana abinci kafin a ba su maganin daji na kemo sun fi jure dafinsa. A 2020 masu bincike a Navarra ta ƙasar Sifen sun haɗa gajeren azumi da irin maganin Kawu a jikin ɓeraye masu dajin huhu, maganin ya fi kama su. A 2022 likitocin cibiyar daji ta Milan a Italiya suka fitar da sakamakon mutum 101 da aka sa wa ƙwarya-ƙwaryar azumi na kwana biyar-biyar: sukari da insulin sun sauka, ƙwayoyin da ke danne garkuwar jiki sun ragu, 'yan sintiri sun ƙara kuzari. In ka tsaya a nan, sai ka ce a ba Kawu lambar yabo.

To ga rabin da aka jefar. Ɓera in ya kwana biyu bai ci ba yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ya mayar cikin 'yan kwanaki. Dattijo mai daji in ya zubar da tsoka, da ƙyar take dawowa. Mutanen Milan ba su ɗauki ramammu ba. Waɗanda suka ɗauka, bayan kwana biyar na ƙanƙancin abinci sai a ba su kwana 16 zuwa 23 su ci su murmure, ana auna su, masana abinci na biye da su. Akasarinsu wasu magunguna suke karɓa irin su kemo, kuma abin da aka je dubawa shi ne ko tsarin na da haɗari. A Holan, cikin gwajin mata 131 masu dajin nono da aka wallafa a 2020, ɗaya cikin biyar kacal na waɗanda aka sa wa tsarin suka iya kai shi ƙarshe. Kawu kuwa kwana 90 ya jera, ba hutu, ba mai auna shi, ba wanda ya sani sai yara uku.

Babban abin da mai muryar ya manta shi ne hanta. Jiki ba ya yarda sukarin jini ya ƙare, domin ƙwaƙwalwa da shi take aiki. In abinci ya yanke, hanta takan buɗe rumbunta, wanda bai wuce na kamar yini guda ba. In ya ƙare, ana ƙona kitse, ita kuma ta koma ƙera sabon sukari, har da abin da take samu daga naman jiki. Wato duk tsawon lokacin da Kawu ke jin ya rufe wa daji kanti, hantarsa tana yanko cinyarsa da damtsensa tana aika sukari cikin jini, daji yana ɗibar rabonsa. Shi ya sa gwajin sukarinsa ya fito lafiya lau. Garin neman gira, ido ake ta rasawa.

Sannan ɓarawo da mai gadi kwano ɗaya suke ci. A 2015 masu bincike a St. Louis ta Amurka sun nuna ƙwayoyin T, in sun tashi yaƙi, su ma sukari suke zuƙa, kuma a cikin ƙullutu daji kan ƙwace musu abinci har su kasa aiki. Maganin da muka sayar da fili muka saya ba shi da sojan kansa, da na Kawu yake yaƙi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wani nazari na 2018 a kan masu dajin fata kusan 2,000 ya ba likitoci mamaki, don maza masu ƙiba sun fi daɗewa a raye a kan irin waɗannan magunguna. Ba kira ne a je a tara teɓa ba, amma ya isa ya sa mai ramar da kansa ya tsaya ya yi tunani. Wani kuma na 2021 daga asibitin MD Anderson da ke Houston, a kan mutum 128, ya ga waɗanda ke cin abinci mai harza, irin su wake, ganye da hatsin da ba a surfe ba, kimanin giram 20 na harzar a rana, sun fi daɗewa ciwonsu bai ci gaba ba. Binciken azumi yana nan ana yi, amma bai kai inda likitocin daji za su rubuta shi a takardar magani ba. Ƙungiyar masana abincin majinyata ta Turai, ESPEN, ta gargaɗi mai daji da ke ramewa, ko yake dab da hakan, kada ya bi tsarin da ke rage masa abinci. Kuma Allah ne ya tsare. Da a ce maganin ya taɓa kotisol ɗin Kawu ko insulin ɗinsa, da sumar masallaci ba ta tsaya a yayyafin ruwa ba.

Da kansa ya gaya wa Hajiya, ina daga bakin ƙofa. Ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta tashi ta ɗora kunun gyaɗa. Likita kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta saurari saƙon har ƙarshe, ta ce, "Baba, niyyarka mai kyau ce, amma ka bar mana dajin, kai ka riƙe mana sojan." Ta ce mai jinya irinsa yana buƙatar furotin giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, wato nasa 60 zuwa 90. Ƙwai ɗaya kimanin giram 6 ne, ka lissafa abin da biyu suka ba shi. Tunda cikinsa ya tsuke, aka raba masa ci kaɗan-kaɗan sau shida: kunun gyaɗa da ƙosai, alale, kifi, fura da nono, wake, niƙaƙƙen nama, da zogalensa na fama. Ganda dai aka ce ya haƙura.

Saura tambayar da ke cin ransa, ta watan Ramadan. Limamin unguwa ya zo dubiya ya tuna masa abin da ya riga ya sani, cewa shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame: ya sha, ya rama in ya warke, in kuwa ciwon na dindindin ne akwai ciyarwa. Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, ciyarwa kam na biya ta wata uku tun kafin a ga wata." Malam ya ce wannan sadaka ce, lissafinta daban. Yaran nan uku ba su yi asara ba, Hajiya ta ware musu tukunya, sai dai yanzu ta ƙofar gida suke karɓa. Bayan wata biyu sikeli ya nuna 63. Zobe ya daina sulɓewa. Jinya tana nan ana yi, sauran na Allah ne.

Yanzu kana iya ba ni gari, kuma Ibadan nake so. Amsar biyu ce: tuwon Kawu almajirai ke ci, naman Kawu kuwa Kawu ne da kansa. In akwai mai karɓar irin wannan magani a gidanku, ku ɗora shi a sikeli duk mako ku rubuta abin da ya nuna, wani ya riƙa zama yana ci tare da shi, kuma duk saƙon da aka turo masa a waya, a kunna wa likitansa ya ji kafin a rage masa ko loma ɗaya.